Ta yaya zan yi abota da baƙin ƙasashen waje da ke zuwa Katsina ba tare da an ɗauke ni maroƙi ba?

Wani matashi daga Ƙofar Sauri ne ya kawo tambayar. Ya ce ya gama jami'a, yana zaune a gida Katsina, kuma yakan ga baƙi 'yan ƙasashen waje, wasu lokacin hawan Sallah, wasu ma'aikatan hanyar jirgin ƙasa, wasu a jami'a. Yana sha'awar ya saba da su, ya gyara Turancinsa, ya san yadda duniya take. Abin da ke hana shi biyu ne: tsoron kada a ɗauke shi ɗan damfara ko maroƙi, sannan mahaifinsa ba ya son harkar. Ta ina zai fara?

Ɗana, Allah Ya yi maka albarka. Tsoron nan da ka ambata shi ya sa na ga tambayarka ta cancanci doguwar amsa, don wanda ba ya jin irin wannan tsoron shi ke zubar mana da mutunci a gaban baƙi. Na daɗe ina raka baƙi cikin birnin nan da Daura, tun ina koyar da tarihi a sakandare, wani lokaci a matsayin tafinta da ake biya, wani lokaci don Allah kawai. Abin da na fi gani yana kashe abota tun ba ta kafu ba shi ne gaisuwa da roƙon iri. Da zarar baƙo ya shinshino cewa akwai wata buƙata a bayan fara'arka, to ya ja baya ke nan, ko da zai ci gaba da yi maka murmushi har ranar da zai tafi.

Ka fara da sanin halin da yake ciki kafin ya sauka. Gwamnatocin Ingila da Amurka suna gargaɗin mutanensu kada su zo jihar nan saboda matsalar tsaro. Kamfanin da ya turo shi ko jami'arsa sun zaunar da shi sun karanta masa dokoki. Sunan 419 kuwa ya riga shi zuwa kunnen uwarsa da matarsa. Saboda haka mutumin da ka gani ya ɗan ɗaure fuska da ka yi masa sallama, ba lallai ne raini ba ne. Sau da yawa tsoro ne, kuma an koya masa cewa wanda ya fi kowa zaƙewa da fara'a shi ne abin gudu. Ba za ka cire masa wannan da baki ba. Kada ma ka soma cewa "ni ba irin waɗancan ba ne", don ɗan damfara ma da wannan yake buɗe baki. Lokaci ne kawai ke cire shi, idan ya ga an yi mako, an yi wata, ba ka tambaye shi komai ba.

Akwai wani labari da nake son kowane Bakatsine ya riƙe. A farkon 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda yake kiran kansa Abdulkarim, ya iso Katsina a kan hanyarsa ta zuwa Kano. An tsare shi kwanaki a kan maganar kyautar da zai ba sarki, ana ganin abin da ya kawo bai kai ba. In za a yi adalci, a wancan zamanin gaisuwar sarki tamkar kuɗin fito ce ga duk wanda zai ratsa ƙasa, ba a kansa aka fara ba. Amma shi ya ji zafin abin, ya rubuta. Mutumin nan kuma shi ya rubuta cewa a Katsina Hausa ta fi tsabta da daɗin furuci, kuma mutanenta sun fi na sauran garuruwan Hausa ladabi. Duka biyun suna nan a rubuce, ana karantawa fiye da shekara 170 bayan wucewarsa. Baƙon yau ba sai ya koma gida ya buga littafi ba, kafin magariba ya sa a waya duniya ta gani. Kirarinmu ɗakin kara, kunya gare ku ba dai tsoro ba, a hannun wanda baƙo ya fara cin karo da shi yake, ko direba ne, ko mai shago, ko kai.

To, abu mafi muhimmanci da zan gaya maka shi ne ka san ko wane ne kai a wurinsa, ka kuma bari shi ma ya sani. Kakanninmu sun fi mu tsari a nan. Lokacin da ayarin fatake ke shigowa daga Agadas da Gadamas, kowane baƙo yana da fatomansa: shi zai ba shi masauki, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa idan rigima ta taso, sannan ya karɓi la'adarsa a fili. Kowa ya san da la'adar, don haka ba ta ɓata komai, har ma aminci ya ɗore daga uba zuwa ɗa. Wasu daga cikin baƙin nan ba su koma ba, shi ya sa masana tarihin birnin ke danganta unguwar Albaba da Larabawan arewacin Afirka, Gambarawa kuma da Wangarawa, wato fatake da malamai daga yankin tsohuwar daular Mali. Matsalar yaranmu na yanzu ita ce suna son la'adar fatoma amma da sunan aboki. Sai ka ga yaro ya raka baƙo kasuwa yana "my friend", ya ƙyafta wa mai hula ido a ninka kuɗi, ya dawo da yamma ya karɓi rabonsa. Baƙi suna ganewa, ɗana. In bai gane yau ba, gobe mai gadin masaukinsa zai gaya masa ainihin farashin.

Idan aiki kake so, aiki halal ne. Ka ce masa kai tsaye: ina iya yi maka tafinta ko jagora, ga abin da nake karɓa a wuni, kuɗin mota da abinci a kanka. A yi cinikin kafin a fita, ba bayan an dawo kana sosa ƙeya kana cewa "duk abin da ka bayar" ba. Wannan maganar tana rikita su ƙwarai, don bai san ko nawa ne zai zama cin fuska ba, ko nawa ne zai zama wauta. Idan kuma abota kake so, to ka cire kuɗi daga ciki gaba ɗaya. Ka saya masa shayi da kuɗinka ko sau ɗaya ne. Za ka yi mamakin yadda wannan ɗan abu ke sauya kallon da yake maka, don wataƙila tun da ya sauka a ƙasar nan kai ne na farko da ya sa hannu a aljihu dominsa. Aiki yana iya zama abota daga baya, na ga haka sau da dama. Abotar da aka juya ta koma hanyar samu kuwa ban taɓa ganin ta miƙe ba.

Bari in ɗan tsokane ka. Da ka ce baƙin ƙasashen waje, na san farar fata ce a ranka. Amma mafi yawan baƙin da ke shigowa Katsina ta Jibiya suke zuwa, ko ta Kwangwalam a ɓangaren Daura, daga Maraɗi da Damagaram da Tasawa. Su ba ma baƙi ba ne sosai: bayan da masu jihadi suka ci Katsina a 1807, gidan sarautar da aka kora shi ya je ya kafa Maraɗi, kuma har yau Sarkin Katsina ake ce wa sarkin can. Akwai ɗalibai daga Nijar da wasu maƙwabta a jami'o'inmu, akwai likitoci da malamai Larabawa, akwai Indiyawa da 'yan Sin a harkar kamfanoni da gine-gine. Mu da muka yi sakandare a shekarun 1970 da 1980, Indiyawa da 'yan Pakistan da 'yan Gana ne suka koya wa da yawanmu lissafi da kimiyya, kuma wasunsu har suka tafi ba wanda ya taɓa gayyatarsu cin tuwo. Ɗalibin da ya zo daga Damagaram bai san kowa ba ya fi Baturen da ke cikin mota mai sanyi da ɗan sanda a gaba bukatar aboki, kuma a wurinsa za ka koyi Faransanci kyauta. In ka ga zuciyarka ba ta motsawa sai ga wanda kake zaton yana da dala, ka binciki niyyarka.

Yadda za ka fara kuwa, ta hannun wani za ka bi. Baƙon kirki ba ya zuwa garin nan haka kawai, akwai wanda ya gayyato shi: wani sashe a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko Alƙalam, asibiti, wata ƙungiya, fada, ko kamfani. Je wurin malaminka na jami'a ka ce idan an yi baƙo mai bukatar wanda zai zaga da shi, kana nan. Ka saba da ma'aikatan gidan tarihi da ke tsohuwar Kwalejin Katsina, don kusan duk mai sha'awar tarihi sai ya bi ta can. Filin folo ma wuri ne da ake haɗuwa cikin natsuwa lokacin gasa, wasan da ya kafu a nan tun zamanin Sarki Dikko, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya yi suna da shi har ƙasashen waje. Gabatarwar mutum ɗaya da baƙon ya yarda da shi ta fi sallama ɗari a bakin titi.

Ma'aikatan hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Maraɗi da ka ambata, wadda kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ke ginawa ta Daura da Katsina da Jibiya, su ka bar su sai in aiki ya haɗa ku. Suna ƙarƙashin dokar tsaro mai tsauri, ba su da ikon bin ka ko'ina ko da suna so. Kada ka kuskura ka riƙa zarya a ƙofar sansaninsu ko otal ɗinsu, ko kana tambayar direba ƙarfe nawa suke fita. A wannan zamanin, mai irin wannan tambayar infoma ake ɗaukarsa, kuma kafin ka wanke kanka ka sha wuya.

Wannan ya kawo mu maganar da ba na wasa da ita. A watan Disamba na 2012 an sace wani injiniya Bafaranshe a Rimi, yana aikin injinan samar da lantarki da iska, 'yan ƙasa ma suka rasa rayukansu a harin, shi kuma sai a Nuwamba 2013 ya kuɓuta. Rimi ba nisa gare ta da birni ba. Tun daga lokacin abin ya ƙara yawa ta wajen Batsari da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara da duk garuruwan da ke gefen dajin Rugu. Saboda haka duk baƙon da ya yarda ya bi ka, amana ce ka ɗauka. Kada ka sa hotonku a Facebook ko WhatsApp alhali yana gari, ka bari sai ya tafi, kuma da izininsa. Kada ka faɗi a majalisa inda za ku je gobe, ba don abokanka mugaye ne ba, sai don magana ba ta tsayawa inda aka faɗe ta. Kada ku yi tafiyar dare tsakanin gari da gari. Daura kusan kilomita 80 ce daga nan, ku fita da safe ku dawo kafin la'asar ta yi sanyi. Idan ya nace sai ya ga ƙauye ko kasuwar da kai kanka sai ka yi addu'a kafin ka shiga, ka ce a'a, ka tsaya a kan a'ar, ko da zai ji haushi. Wasunsu, musamman samari masu yawon duniya da kyamara, suna da wani irin ganganci na wanda bai taɓa ganin bala'i ba. Idan abu ya faru, ƙasarsa za ta tashi tsaye a kansa, kai kuwa kai za a fara kamawa. Haka kuma in zai kwana a gidanku, mai unguwa ya sani tukuna, wanda ya gayyato shi ƙasar ma ya sani. Ni dai shawarata ya kwana a masaukinsa, ya zo muku wuni.

Mahaifinka kuma kada ka ɗauka rashin wayewa ce. Mutanen zamaninsu sun ji labarin yadda Turawa suka shigo a 1903 daga bakin waɗanda suka gani, sun ji abin da gwajin maganin sanƙarau ya yi wa yara a Kano a 1996, sun ga yaran da suka bi baƙi suka dawo sun raina gida. Ruwa ba ya tsami banza. Kada ka yi masa gardama, kada kuma ka yi abin a ɓoye. In ka sami baƙon da ka natsu da shi, ka nemi izinin Baba ka kawo shi zaure ya gaishe shi. Ka koya masa tun a hanya: ya cire takalmi, ya rusuna, ya ce "ina wuni, Baba", ya karɓi abu da hannun dama, kada ya miƙe ƙafa a gaban dattijo. Na sha ganin dattijon da ya rantse ba ya son Nasara, baƙo ya durƙusa ya gaishe shi da gurguwar Hausa, kafin a tashi ya sa an kawo fura, ya raɗa masa suna, har yana tambayar ko iyayensa na da rai. In kuma Baba ya ce a'a bayan duk wannan, to a'a ce. Ka ci gaba da mu'amalarka ta mutunci a waje, gida kuma nasa ne. Kana iya tuna masa cikin ladabi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira ya girmama baƙonsa, kuma aya ta 8 a Suratul Mumtahana ba ta hana kyautata wa wanda ba Musulmi ba matuƙar bai yaƙe mu ba. Amma sau ɗaya za ka faɗa, ba wa'azi za ka yi wa mahaifinka ba.

Idan baƙuwa ce mace, hanya mafi tsabta ita ce ka haɗa ta da yayarka ko ƙanwarka ko matar yayanka, kai ka koma gefe. Ita tana da gatan da namiji baƙo ba shi da shi, za ta shiga har cikin gida, ta ga girki da lalle da biki, ta ji hirar da kai kanka ba a yi a gabanka. Maganar sutura ma daga bakin mace ta fi daɗin ji, a ba ta mayafi a matsayin kyauta, ba a matsayin gyara ba. Kuma ka kiyaye: sakin fuskar da take yi maka, da kallon ido cikin ido, da miƙo hannu, haka take yi wa kowa a garinsu. Samari da yawa sun karanta wannan a baibai, suka jefa kansu cikin kunya.

Abinci shi ne inda karamcinmu ke iya zama cuta. Cikinsa bai saba da ruwanmu ba, don haka ruwan roba mai hatimi za ka ba shi, kada a sa ƙanƙara a zoɓo ko kunun aya in ba ka san da ruwan da aka yi ta ba. Fura da nono kowa na son ya ɗanɗana, amma ka nemi nonon da aka dafa madararsa kafin a kwantar, a dama da ruwa mai tsabta. Abin da aka sauke daga wuta yanzu, kamar waina da tuwo da ɗanwake, ya fi aminci a kan ganyen da aka yanka ɗanye. Ka tambaye shi tun farko ko akwai abin da jikinsa ba ya karɓa. Wannan ba iyayi ba ne: akwai mutanen da gyaɗa kaɗan za ta toshe musu numfashi cikin mintoci, mu kuwa ƙuli-ƙuli na cikin yajin tsire da kilishi, man gyaɗa na cikin rabin girkinmu. Indiyawa da yawa ba sa cin nama ko kaɗan, kuma tsame naman daga miya bai wadatar ba tunda da romonsa aka yi ta. In ya ce ya ƙoshi, ka ƙyale shi, ka kuma yi wa Inna bayani kada ta ji an raina girkinta. Zazzaɓi kuwa, wanda mu za mu sha magani mu fita aiki, shi yana iya kwantar da shi cikin kwana biyu ya zama na rai da mutuwa, don jininsa bai san cizon sauro ba. Jikinsa ya yi zafi, asibiti za ku tafi a gwada jini a ranar, ba kantin magani ba. A watannin Maris zuwa Mayu da zafi ke haura digiri 40, yawo da safe ne ko da yamma.

Akwai wani wuri da karar Katsinawa ke rikita baƙo, kuma ba kowa ke lura ba. Mu in an roƙe mu abin da ba za mu iya ba, kunya ba ta barinmu mu ce a'a. Sai mu ce "to, ba komai, za a duba", kowa ya gane an ƙi. Shi kuwa alkawari ya ji, zai zauna yana jira, in bai gani ba ya sa ka a layin maƙaryata. Haka shi ma in ka gayyace shi ya ce "a'a, na gaji, ina son in zauna ni kaɗai", kai sai ka ji kamar mari, alhali gaskiyarsa ya faɗa, kuma gobe zai zo da zuciya ɗaya. Yawancin Turawa suna bukatar kaɗaici yadda muke bukatar majalisa. Kada ka riƙa kiransa a waya sau biyar a wuni don gaisuwa kawai, a wurinsa kira yana nufin akwai magana. Lokaci ma haka: ƙarfe huɗu a wurinsa ƙarfe huɗu ce, ba bayan la'asar ba. In ka san sai an idar da salla za ka fito, ka faɗa masa hakan. Tambayar albashinsa, ko me ya sa bai yi aure ba, ko me ya hana su haihuwa, ka bar su sai shi ya buɗe. Sannan ka gargaɗe shi da wata ɗabi'armu: in ya yaba hular mutum ko darduma da yawa, ana iya cirewa a ba shi, kuma mai ita wataƙila ita kaɗai gare shi.

Addini zai taso, ba makawa. Kada ka fara da shi. Ka yi sallarka a kan lokaci a gabansa, ka ce ya jira ka minti goma, zai yi tambaya da kansa, ka amsa iya saninka. Wanda aka yi wa kwanton ɓauna da wa'azi ranar farko ba ya dawowa. A ɗaya ɓangaren kuma hakkinsa ne a kanka ka faɗa masa a fili cewa a nan ba a wasa da sunan Allah da Annabi da Alƙur'ani, ko da raha, cewa jihar tana bin shari'a tun 2000, giya ba abin fitowa da ita fili ba ce, kuma da azumi ya ci abincinsa a ɗaki. Kada ka ɗora masa laifin gwamnatinsu. Bafaranshe ba shi ya tsara abin da Faransa ta yi a Nijar ba, kamar yadda kai ba ka son a tambaye ka lissafin kuɗin da 'yan siyasarmu suka kai bankunan Turai.

Wuraren kai shi ka san su, ba sai na daɗe a kai ba. Hasumiyar Gobarau, wadda ake danganta asalinta da zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Korau, Ƙofar Soro da fada, ragowar ganuwa da ƙofofi irin su Ƙofar Guga da Ƙofar 'Yanɗaka, hubbaren Wali Ɗan Marna, da ginin ƙasa na Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. In ya dace da Sallah, ga hawan Sallah da hawan Bariki a nan, ga hawan Magajiya a Daura, ga Sallar Gani a watan Mauludi. A rijiyar Kusugu da ke Daura ka ba shi labarin yadda aka gada: baƙo ne ya sauka da dare gidan tsohuwa Ayana ya nemi ruwa, ta ce ba a samu sai Juma'a saboda macijiya. Suna jin daɗin gane cewa labarin asalin Hausa bakwai da saukar baƙo ya fara. Sai dai ka yi karatu kafin ka buɗe baki, ka rarrabe masa abin da yake tarihi rubutacce da abin da yake gadon baka, in ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba. Wasu baƙin sun fi ka karanta tarihin garinku, kuma ƙarya ɗaya a kan shekarun hasumiya ta isa ta sa ya daina yarda da sauran maganarka. A ganina ma gine-gine ba su ne ke zama a ransa ba. Zama a rumfar maƙeri ko baduku, ko wurin mai ɗinkin hula, ko shan shayi da abokanka ana musun ƙwallo, ya fi masa komai, don wannan ne kuɗinsa ba zai saya masa ba.

Hoto sai da izini, musamman na mata, kuma ban da shingen jami'an tsaro da bariki. Ni ba na barin baƙona ya tsaya yana ɗaukar almajirai da kwanonsu kamar ya ga abin kallo, nakan ce in yana son ya fahimci abin mu je mu gaida malaminsu. Idan kuma ya fara tambayar inda zai sayi tsofaffin littattafan hannu, ko gumakan yumɓu da ake tonowa, ko kayan kaburburan sarakuna irin na Durɓi ta Kusheyi, ka janye. Dokar 1979 ta hana fitar da kayan tarihi ba da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ba, kuma gumakan yumɓun yankin Katsina suna cikin waɗanda aka fi sacewa ana kaiwa Turai. Ba duk baƙo ne mutumin kirki ba, kamar yadda ba duk ɗan gari ba. Wanda ya ba ka saƙo a ƙulle ka kai wa wani, ko ya ce a turo kuɗi ta asusunka na banki, ko ya ƙi faɗin wanda ya gayyato shi, ka rabu da shi salin-alin.

Saura maganar biza, wadda na san tana can ƙasan zuciyar kowane matashi ko bai faɗa ba. Abokinka ba ya ba da biza. Iyakarsa ya rubuta takardar gayyata, ofishin jakadanci ne ke yanke hukunci, kuma suna duba aikinka da asusunka da abin da zai dawo da kai gida, ba yawan son da yake maka ba. Roƙonsa wannan yana sa shi cikin kunya, kai kuma bai kai ka ko'ina ba. Abin da ya halatta ka nema, in ka yi wa mai bincike aiki da gaske, shi ne ya ambaci sunanka a cikin aikin, ya aiko maka da kwafi, ya kuma rubuta maka takardar shaida idan za ka nemi gurbin karatu ko aiki. Wannan hakkinka ne, kuma ya fi amfani nesa ba kusa ba. Turancin da kake son gyarawa zai gyaru da kansa cikin hira, musamman in kun yi musaya, kai kana koya masa Hausa.

Ranar tafiya ka ba shi tsaraba mara nauyi wadda za ta wuce a filin jirgi: hula, ko ɗan abin fata, ko zane ga matarsa. Kilishi kada ka wahalar da kanka, ƙasashen Turai da Amurka ba sa barin matafiyi ya shiga da nama, a shara zai ƙare. Bayan ya tafi ka gaishe shi jefi-jefi, da Sallah ko in an yi haihuwa a gidanku, ka aika masa hoton hawa. Wasu za su amsa shekara da shekaru, wasu za su yi shiru bayan wata biyu saboda rayuwarsu ta can ta haɗiye su. In ya yi shiru, saƙo biyu sun isa, kada ka bi shi da na uku.